Yadda A Ke Kwance Damin Takardu A Cikin Burauza

Duk wanda ya taɓa zama a teburin akawu ya san ba a aika takardu talatin a warwatse. Sai a tattara su, a jera, a rubuta lissafinsu a kan wata takarda dabam, a ɗaure da kirtani, sa'an nan a miƙa wa masinja. To, haka al'amarin ya ke a cikin kwamfuta. In hedimasta zai aika da sakamakon jarrabawa zuwa ofishin ilmi, ko ma'aji zai aika da lissafin wata goma sha biyu, ba ya tura fayil-fayil ɗin ɗaya bayan ɗaya. Ya kan haɗa su cikin fayil guda, ya matse shi don ya rage nauyi, kana ya aika. Irin wannan fayil shi za mu riƙa kira dami a cikin wannan bayani, gama ya yi kama da damin gero, zangarniya da yawa amma igiya ɗaya. Wanda aka fi sani shi ne mai suna ZIP, amma akwai RAR, da 7z, da tar, da waɗansu.

Ɗaure dami ba wuya. Magana tana wajen kwancewa. Sau da yawa a kan aiko wa mutum dami irin wanda na'urarsa ba ta san shi ba, ko kuwa ya kasance yana aiki da kwamfutar ofis wadda aka hana saka mata sabuwar manhaja, ko wayar hannu kaɗai gare shi. Abin da yawancin mutane su kan yi a nan shi ne su buɗe burauza, watau manhajar nan da a ke duba shafukan intanet da ita, su nemi wani shafi mai alkawarin kwance dami kyauta. Su miƙa masa, bayan ɗan lokaci takardu su fito, kowa ya kama gabansa.

Abin da mu ke so masu karatu su lura da shi shi ne, shafukan nan iri biyu ne, ko da ya ke a ido kamarsu ɗaya. Na farko ya kan ɗauki damin ɗungum ya tura shi wata babbar kwamfuta a wata ƙasa, a kwance a can, a komo maka da abin da ke ciki. Watau takardun albashin ma'aikata, ko sunayen ɗalibai da makinsu, sun kwana a hannun wanda ba ka san ko sunansa ba. Na biyu kuwa ba ya tura kome. Shi ne ma ya ke aiko maka da ɗan kayan aiki, burauzarka ta yi kwancewar da kanta a kan teburinka, dami bai ƙetare ko bakin ƙofa ba. Wannan na biyun shi ne abin bayaninmu yau, da yadda aka yi har ya yiwu, da kuma inda ya kamata a yi hattara da shi.

Asalin ZIP daga wani saurayi ne Ba'amurke mai suna Phil Katz, mutumin birnin Milwoki. Da farko ya rubuta wata manhaja mai aiki da wani irin dami da a ke kira ARC, sai kamfanin da ke da ARC ɗin ya kai shi ƙara a shekara ta 1988. Bayan an sasanta, Katz ya fito da nasa tsari a 1989, ya sa masa suna ZIP, ya kuma yi abin da ya sa tsarin ya ɗore har yau: ya bayyana yadda aka gina shi filla-filla, kowa ya karanta, kowa ya rubuta manhajar da za ta buɗe shi ba tare da neman izni ba. Katz ya rasu a shekara ta 2000 yana da shekara 37. Amma har yanzu in ka leƙa cikin damin ZIP, haruffa biyu na farko da za ka tarar su ne P da K, farkon sunansa ke nan. Da yawa daga cikinmu muna riƙe da damin ZIP kullum ba mu sani ba, domin takardar Word mai ƙarewa da docx, da ta Excel mai ƙarewa da xlsx, da littattafan EPUB, da manhajojin wayar Android, dukansu damin ZIP ne da aka sake wa suna.

Yaya a ke matse rubutu har ya ragu, ba tare da ko harafi ɗaya ya ɓace ba? Dabara biyu ce aka gama. Ta farko akawu ya riga ya san ta. In yana cika rajista, sunan gari ɗaya ya yi ta maimaituwa layi bayan layi, ba ya sake rubuta shi, sai ya sa 'yan ɗigo biyu a ƙarƙashi, ma'ana a duba na sama. Waɗansu malamai biyu na ƙasar Isra'ila, Abraham Lempel da Jacob Ziv, su suka mai da wannan dabara ta zama lissafi a shekara ta 1977. Duk inda na'ura ta ga jerin haruffan da ta riga ta wuce, maimakon ta sake rubutawa sai ta ce, koma baya taki kaza, ka kwafo haruffa kaza. A tsarin ZIP na yau da kullum iyakar komawa baya ita ce bayit 32,768, iyakar abin da a ke kwafowa a tashi ɗaya kuwa bayit 258. Bayit shi ne ma'aunin da a ke auna rubutu da shi a kwamfuta, kusan harafi guda ke nan.

Dabara ta biyu masu buga tangaraho sun san ta. A rubutun Morse, harafin E ɗigo ɗaya tak aka ba shi, domin shi ya fi yawa a Ingilishi, haruffan da ba a cika bukata ba kuwa aka ba su alama mai tsawo. Wani ɗalibi mai suna David Huffman ya bayyana hanyar yin wannan rabo da ƙa'ida a shekara ta 1952. Bambancinta da na Morse shi ne, na'ura tana duba kowane rubutu ta yi masa rabon da ya dace da shi. In takardar Hausa ce, inda harafin A ya cika ko'ina, shi zai sami gajeriyar alama. Gamin dabarun nan biyu shi a ke kira Deflate, Katz ya shigar da shi cikin manhajarsa, aka kuma buga cikakken bayaninsa ga jama'a a 1996. Saboda haka ne rubutu da lissafi su ke matsuwa ƙwarai, amma hoto irin na JPEG ko bidiyo ba su cika raguwa ba, don an riga an tatse su tun wajen ɗauka.

Akwai wani abu game da ginin ZIP da ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ya sa ya dace da burauza. Kowane fayil a cikin damin a kan matse shi ne shi kaɗai, sa'an nan a jera su, a ƙarshe kuma a sa fihirisa mai faɗin sunan kowane, da girmansa, da daidai inda ya fara. Fihirisar tana can ƙarshen dami, ba a farko ba. Dalili kuwa a fili ya ke: mai ɗauri ba zai san inda kowane fayil zai faɗa ba sai ya gama jerawa, in kuma ya so ya ƙara wani daga baya, fihirisa kaɗai zai sake. Don haka manhajar kwancewa ta kan fara karatu ne daga baya, kamar mai buɗe littafi daga bangon ƙarshe. Ta kan laluba har ta sami wata 'yar alama mai bayit 22 wadda ke nuna inda fihirisa ta ke. Da ta same ta, sai ta iya lissafa maka duk abin da ke cikin dami ba ta kwance kome ba tukuna. In takarda ɗaya ka ke so daga cikin dubu, ita kaɗai za a zaro.

Tsarin tar ba haka ya ke ba. Shi an yi shi ne a 1979 domin ajiya a kan zaren kaset na maganaɗisu, wanda dole a bi shi daga farko zuwa ƙarshe, don haka ba shi da fihirisa. In kuma aka matse shi, gaba ɗaya a ke matsewa. Wanda ke son takardar ƙarshe sai ya warware dukan na gabanta. RAR, wanda Eugene Roshal ya fitar a 1993, da 7z na Igor Pavlov, dukansu biyu mutanen Rasha, su ma suna da irin wannan matsi na dunƙule, yana rage nauyi fiye da na ZIP, amma yana sa zaro abu guda ya ɗauki lokaci.

To, ina burauza ta shigo? Tun 1995 burauza ta ke da nata harshen umarni mai suna JavaScript, wanda shafi zai aiko da shi ta aikata. Amma an tsare ta da gangan, kamar baƙon da aka saukar a zaure. Ba ta da ikon shiga cikin gida ta yi bincike a ma'ajiyar kwamfutarka. Abin da ka ɗauko da hannunka ka miƙa mata, shi kaɗai za ta gani. Sa'ad da ka danna wurin zaɓen fayil ka nuna dami, ka ba shafin iznin karanta wannan fayil ke nan, ban da waninsa.

Mai gina shafi kuwa ba ya zama ya rubuta lissafin Lempel da Ziv da Huffman daga tushe. Akwai waɗanda suka riga suka rubuta, suka gwada, suka ajiye a fili don kowa ya ɗauka. Irin wannan tarin umarni shi masu sana'ar su ke kira laburare, don aro a ke yi daga cikinsa kamar yadda a ke aron littafi. Mai shafi sai ya rubuta 'yan layuka kaɗan: karɓi fayil ɗin nan, ba ni lissafin abin da ke ciki, kwance mini wancan. Sauran aiki na laburare ne. Daga cikin waɗanda aka sani akwai JSZip, mai sauƙin sarrafawa, amma ya kan ɗauki damin dukansa ya ɗora a ƙwaƙwalwar na'ura kafin ya fara, ba ya kuma buɗe dami mai kalmar sirri. Akwai zip.js, wanda ke iya yanko ɗan abin da ya ke bukata kaɗai daga cikin dami, yana kuma buɗe mai kalmar sirri. Akwai fflate, wanda aka yi domin sauri da rashin nauyi.

Waɗannan duk na ZIP ne. Sauran dammuna sun jira wata sabuwar hanya. A shekara ta 2017 manyan burauzoji suka karɓi wani tsari mai suna WebAssembly, wanda ke ba da damar a ɗauki tsohuwar manhaja da aka rubuta da harshen C, a juya ta yadda za ta yi aiki a cikin burauza da sauri kusan irin na asali. Da wannan aka ɗauko libarchive, wani tsohon laburare da ya taso daga tsarin FreeBSD wanda ya san dammuna iri-iri, aka shigar da shi burauza. Shi ne dai kamfanin Microsoft ya sa a cikin Windows 11 a 2023 don ta riƙa buɗe RAR da 7z da kanta. Burauzoji ma sun sami nasu injin warware Deflate a jikinsu, Chrome a 2020, Safari da Firefox a 2023, sai dai injin nan matsi kaɗai ya sani, bai san fihirisa ba, don haka har yanzu ana bukatar laburare ya karanta ginin damin.

Laburare na kirki ya kan tura aikin ga wani mataimaki da burauza ta ke ajiyewa a ɗakin baya, don kada shafi ya sandare sa'ad da a ke kwance babban dami. Ya kan kuma yi binciken da kowane ma'aji zai yaba. A cikin fihirisa an rubuta wata lamba ga kowane fayil, wadda aka lissafo daga dukan abin da ke cikinsa. Bayan kwancewa sai a sake lissafi, in lambar ta saɓa, an san takarda ta lalace a hanya. Daidai da jimlar da a ke sawa a gindin shafin kuɗi.

Akwai wata damuwa da ta shafe mu masu rubutun Hausa kai tsaye. Sa'ad da aka ƙago ZIP, sunayen fayil da haruffan tsohuwar kwamfutar IBM a ke rubuta su, haruffa 256 kacal, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ a cikinsu. Sai a shekara ta 2006 aka ƙara wata 'yar alama a tsarin, mai nuna cewa an rubuta suna da UTF-8, tsarin da ya ƙunshi haruffan duniya har da namu masu ƙugiya. Amma ba kowace manhajar ɗauri ke sa alamar ba. In ba a sa ba, laburare sai ya yi zato, zato kuwa ya kan kuskure. Malamin da ya sa wa fayil suna Ƙididdigar ɗalibai, abokin aikinsa ya kan buɗe ya ga waɗansu alamomi marasa kan gado a wurin Ƙ da ɗ. Hankali ya kwanta, abin da ke ciki lafiya lau ya ke, suna kaɗai ya gurɓata. Laburaren JSZip da zip.js dukansu suna barin mai shafi ya faɗa musu yadda za su karanta sunaye, saboda haka muna ganin duk ofishin da zai sa a gina masa irin wannan shafi, ya kamata ya gwada shi da sunaye masu ƙugiya kafin ya biya kuɗin aiki.

Kalmar sirri ma tana da nata zance. Kullen ZIP na asali an nuna rauninsa tun 1994, wanda ya san aikin zai iya fasa shi. Na baya mai suna AES yana da ƙarfi. Amma ko da wanne aka kulle, a damin ZIP na yau da kullum sunayen fayil ba a ɓoye su ke ba. Wanda ya sa wa takarda suna mai faɗin laifin wani ma'aikaci ya tona asiri tun ba a buɗe ba.

Sai mugun dami. Tun da matsi yana cin riba ne daga maimaici, mai mugun nufi zai iya cika fayil da sifiri zalla, ya matse shi ya koma ɗan mitsitsi. Deflate yana iya rage irin wannan kusan sau dubu. In aka sa dami cikin dami, sai abin ya ninku. Akwai wani sananne mai suna 42.zip, nauyinsa kilobayit 42 kacal, amma in aka bi shi hawa-hawa aka kwance duka, zai kai gigabayit miliyan 4 da rabi. A 2019 wani mai bincike, David Fifield, ya nuna ana iya yin irinsa ba tare da sa dami cikin dami ba, inda megabayit 10 ke kumbura ya zama terabayit 281. A cikin burauza yawancin ɓarnar da wannan zai yi ita ce shafi ya cika ƙwaƙwalwa ya mutu, wayar ta yi zafi. Maganinsa a hannun mai shafi ya ke: ya duba girman da fihirisa ta faɗa tun kafin ya fara, ya kuma riƙa ƙirga abin da ke fitowa ya tsaya in ya wuce iyaka, domin fihirisa ma tana iya yin ƙarya.

Wani makirci kuma shi ne a sa wa fayil suna mai umartar manhaja ta fita daga inda aka ce ta zuba kaya, ta je ta danne wani fayil mai muhimmanci a wani wuri. Kamfanin Snyk ya bayyana yawan manhajojin da ke da wannan rauni a 2018. A nan zaman zaure ya yi wa burauza rana, gama ba ta da ikon rubutu inda ta ga dama. Sai dai kwance dami lafiya bai wanke abin da ke ciki ba. In akwai muguwar manhaja a ciki, ka sauke ta ka kunna, burauza ba ta da sauran ikon tsare ka.

Mun zo ga abin da ya fi damunmu. Cewa ana kwancewa a kan teburinka gaskiya ne, amma da kayan aikin wani a ke yi. Umarnin da ya iya karanta takardarka don ya kwance ta, zai iya aika ta waje in an so ya yi haka. Watau amana ba ta gushe ba, wuri ta sake: daga mai babbar kwamfuta ta koma kan mai shafi da marubucin laburare. Ba kuwa zato mu ke yi ba. A watan Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura shiga wata kwamfuta yana ɗaukar kamar rabin daƙiƙa fiye da yadda aka saba. Da ya bi sawu sai ya tarar an dasa ƙofar sata a cikin xz, wani laburaren matsi da kwamfutoci masu ɗimbin yawa ke dogara da shi. Wanda ya dasa ta ya shafe fiye da shekara biyu yana taimakon mai laburaren da aiki na gari, har aka amince da shi aka ba shi mabuɗi. Wannan ba a burauza ya faru ba, amma sana'a ɗaya ce, hanyar samun kayan aikin ma ɗaya. A watan Yuni na shekarar kuma aka gano wani wurin da shafuka fiye da 100,000 ke aro umarnin JavaScript daga gare shi, mai suna polyfill.io, ya sake hannu, sabon mai shi yana cusa abin cutarwa.

Saboda haka shawararmu ga hukumomi da makarantu ita ce, in za a yi amfani da wannan hanya, ofis ya mallaki shafinsa, ya ajiye kwafin laburaren a wurinsa maimakon ya riƙa arowa daga waje kowace rana, ya kuma sa wani ya riƙa bibiyar gyare-gyaren da masu shi su ke fitarwa. Hanyar tana da kyau ƙwarai, musamman inda intanet ke da tsada ko rauni, tun da ba a biyan kuɗin tura dami da komo da shi.

Akawun da ba shi da irin wannan shafi na ofis, dole ta sa shi amfani da na waje, akwai gwajin da zai iya yi da kansa. Ya buɗe shafin a tagar sirri ta burauza, wadda ba ta ajiye kome bayan an rufe ta. Ya fara ba shi wani dami marar muhimmanci, don shafin ya gama sauko da dukan kayan aikinsa, gama waɗansu ba su saukowa sai an miƙa fayil. Sa'an nan ya yanke intanet gaba ɗaya, ya miƙa damin gaske. In ya kwance, a kan teburinsa aka yi aikin. In ya tsaya yana juyi, to, da can ma waje ya ke kai kaya. Bayan ya sauke takardunsa, ya rufe tagar tukuna kafin ya mai da intanet.